Bakin Bindiga Ko Bakin Talaka: Daga Ina 'Yanci Yake Fitowa?

Ranar 15 ga Janairun da ta wuce, hantsi ya ɗaga amma hunturu bai saki mutane ba, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallacin garinmu, can ƙasar Ringim. Kowa ya duƙunƙune cikin mayafi, rediyo na kan tabarma tana ta bayani. Bikin tunawa da 'yan mazan jiya ake yi a Abuja. An ajiye furanni, an saki fararen tantabaru, mai jawabi yana ta nanata cewa waɗannan bayin Allah sun ba da rayukansu ne domin ni da kai mu zauna cikin 'yanci. Sai wani saurayi cikinmu, ɗalibin koyon aikin lauya da ya zo gida hutu, ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. Bai taki sa'a ba, don ƙanin kakansa na gefensa, dattijon da ya shiga yaƙin basasa tun gemu bai fito masa ba, har yau kuma akwai ɓarɓashin ƙarfe a cinyarsa da ke motsawa duk lokacin sanyi.

"Kai ja'iri, wa ka yi wa tsaki?"

Da yake jika ne, akwai wasa a tsakaninsu, sai yaron ya samu bakin magana. "Allah Ya huci zuciyarka, Kaka, ba da ku nake ba. Maganar ce ba ta zauna mini ba. Soja ya tsare ƙasa, wannan na yarda. Amma damar da nake da ita ta in tsaya gaban alƙali in kare kaina, ko in zagi gwamna in kwana a ɗakina, ai ba daga fagen daga aka kawo ta ba."

Tsoho ya gyara zama. "To da ba mu tsare ƙasar ba, a gidan uban wa za ka ga alƙalin?"

Aka kwashe da dariya, gardama ta kaure, har aka kira azahar ba a rabu ba. Ni dai na tashi da abin a raina, domin wannan musu ba a gindin darbejiyarmu ya fara ba. Ana yin sa a majalisun dokokin Amurka da Ingila, ana yin sa a jami'o'i, kuma duk lokacin da wata gwamnati za ta tura 'ya'yan mutane fagen fama, da wannan kalma ta 'yanci take yi musu rakiya.

Mu fara da kalmar kanta. A Hausa 'yanci daga ɗa ya samo asali, wato wanda ba bawan kowa ba. Shi ya sa ake cewa an 'yanta bawa, shi ya sa kuma in mutum ya cika alkawari ake cewa wane ɗa ne. Da zamani ya zo, sai muka ɗora wa kalmar kaya biyu. Akwai 'yancin ƙasa, wato mulkin kai, kada baƙo ya zo ya yi mana sarauta. Akwai kuma 'yancin ɗan ƙasa, wato haƙƙin da kake da shi a kan masu mulkinka na gida. Na farko katanga ce da ke tare ɓarawo daga waje. Na biyu ƙa'ida ce da ke hana maigida ya zalunci mutanen gidansa. Kaka yana maganar katanga, jika yana maganar abin da ke faruwa a tsakar gida, kowannensu kuma yana zaton ɗayan bai fahimce shi ba.

Shi wannan na biyun a rubuce yake, a Babi na Huɗu na tsarin mulkin 1999, daga sashe na 33 zuwa na 46. Haƙƙin rayuwa, kare mutunci daga azabtarwa, kada a tsare ka ba bisa ƙa'ida ba, a saurare ka a kotu, ka bi addininka, ka faɗi ra'ayinka, ka yi taro, ka je inda kake so a ƙasar nan, kada a nuna maka bambanci, kada a ƙwace gonarka ba diyya. Sashe na 35 ma har lokaci ya yanka: in an kama ka kuma akwai kotu a tsakanin kilomita 40, a kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in babu kotu kusa, kwana biyu, sai dai in laifin da ake tuhumar ka da shi mai hukuncin kisa ne. Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗan'uwansa da aka kama ranar kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin wannan rubutu da abin da ake gani a ƙasa. Amma lura da abu ɗaya: duk waɗannan sassa, ba sojan wata ƙasa suke ja wa kunne ba. Da hukumarka suke.

Kada a yi wa Kaka rashin adalci, hujjarsa ba ta wasa ba ce. Hitila ba da takardar koke aka sauke shi ba. Sansanonin da ya tara Yahudawa da sauran waɗanda ya tsana yana hallaka su, sojoji ne suka fasa ƙofofinsu a 1945. Bayin ƙasar Haiti da makami suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804. A Amurka sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a haramta bauta a tsarin mulki. Mutanen Aljeriya shekara takwas suka yi suna zubar da jini, daga 1954 zuwa 1962. Ba sai mun je nesa ba ma. A watan Agustan 2014 Boko Haram ta kafa tuta a Gwoza ta ce ta kafa daula, kuma duk wanda ya zauna ƙarƙashin wannan tuta zai gaya maka babu sashe na 33 balle na 46. Sojoji ne suka ƙwato garin a watan Maris na 2015, wasunsu kuma 'ya'yan ƙauyukanmu ne, akwai gidajen da har yau ba su ga gawar ɗansu ba. Wanda aka shaƙe wa wuya, abin da yake buƙata shi ne a ɓamɓare hannun da ya shaƙe shi, kuma wani hannun ba ya ɓamɓaruwa sai da ƙarfi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, inji Bahaushe, amma akwai ranar da zaman lafiyar ba ya samuwa sai wani ya tsaya a gaba.

Inda na rabu da Kaka shi ne a kan abin da ke biyo baya. An ɓamɓare hannun, to sai me?

Mu a wannan yanki mun taɓa ganin yaƙin da aka ce don 'yanci aka yi shi. Lokacin da Lugga, shugaban Turawan Ingila a Arewa, ya turo rundunarsa ta fasa ganuwar Kano a farkon Fabrairun 1903, babbar hujjar da yake aikawa Landan ita ce sarakunan Arewa suna kai hari suna kamen bayi, shi kuma zai kawo ƙarshen abin. Kamen bayin gaskiya ne, ba za mu rufe ido mu ce ba a yi ba. An kuwa rufe kasuwannin bayi. Amma da Turawa suka zauna suka ga gandayen sarakuna da na attajirai da ƙarfin bayi suke tafiya, sai suka bi abin a hankali don kada noma ya tsaya haraji ya ragu. Suka ce yaran da aka haifa bayan 1 ga Afrilun 1901 'ya'ya ne, manya kuwa su nemi fansar kansu ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, ko ta kotun alƙali. Ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara 33 bayan cin Kano. A tsakanin nan an yi Haɗeja a watan Afrilun 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu da ɗimbin jama'arsa a cikin gari, an kuma shafe Satiru a ƙasar Sakkwato a wannan shekarar. Bawa ya samu sassauci, wannan haka ne. Sai dai shi da ubangijinsa duka sun wayi gari ƙarƙashin wani sabon ubangijin da ba su da bakin yi masa tambaya, ga haraji, ga jangali, ga aikin tilas na gina hanya da layin dogo. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Sai aka zo yaƙin Hitila. Tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya suna kiran sa yaƙin Bama, don can ƙasar Burma aka kai su, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, suka yi ta fafatawa da Japanawa a dazuzzukan da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Hausa ce ma harshen bariki a lokacin. Sunayen wuraren da suka yi gumurzu suna nan a barikokinmu: Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, ga kuma Chindit a Zariya da aka sa wa sunan rundunar da wasunsu suka yi aiki cikinta. Me aka gaya musu? An ce yaƙin 'yanci ne da zalunci. A watan Agustan 1941 shugaban Amurka Roosevelt da firaministan Ingila Churchill suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda a ciki suka amince kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. 'Yan boko a Legas da Akara suka karanta suka ce to, mu ma an zo kanmu. Wata ɗaya bai cika ba Churchill ya tashi a majalisar dokokinsu ya bayyana cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi, ba ƙasashen da Ingila ke mulka ba.

A gida kuma, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka juyo kan Jos. Aka riƙa rubuta wa hakimai da dagatai adadin ƙartin da za su kawo, aka kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza ala tilas, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci, da yawa ba su dawo ba. Wato don a 'yantar da Bafaranshe a Paris, sai da aka tauye Bahaushe a gonarsa. Da aka gama yaƙi fa? A Thiaroye ta ƙasar Senegal, ranar 1 ga Disambar 1944, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi suka nemi a biya su haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. A Akara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa gwamna koke, aka harbe uku daga cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma a nan akwai wani lauje cikin naɗi da ya kamata jikan nan ya sani, kada ya ɗauka ya gama cin gardama. Yaƙin ya karya tattalin arzikin Ingila da Faransa, ya kuma cire wa baƙar fata tsoron Bature, don wanda ya ga Bature yana kuka a cikin rami ba zai sake ɗaukar sa aljani ba. Harbin Akara shi ya tayar da tarzomar da ta gaggauta 'yancin Ghana a 1957. Yaƙin ya sassauta ƙasa kamar ruwan farko. Sai dai ruwa ba ya shuka da kansa. Waɗanda suka ɗauki sungumi su ne ma'aikatan da suka yi yajin aikin gama-gari na 1945, da 'yan jarida, da 'yan siyasa, da tsofaffin sojojin da suka dawo suka ajiye bindiga suka ɗauki kwalin zanga-zanga.

Amurka ce ta fi kowa yawan wannan magana ta cewa sojojinta suna kare 'yanci a duk inda suka je, don haka tarihinta ya cancanci a leƙa. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya suka sa kaki a yaƙin duniya na biyu, cikin rundunonin da aka ware su daban da farare. A 1942 wata jaridarsu, Pittsburgh Courier, ta fara kamfe na neman nasara biyu: ɗaya a kan Hitila, ɗaya a kan wariyar gida. Ta farkon ta samu a 1945. Ta biyun ta ɗauki ƙarin shekara 20. Akwai wani mai suna Medgar Evers, ya yi yaƙi a Turai, ya dawo jiharsa ta Mississippi, a 1946 ya je zai jefa ƙuri'a fararen fata ɗauke da makamai suka tare shi suka kore shi. Ya koma fafutukar neman haƙƙi, a 1963 aka harbe shi a ƙofar gidansa. Dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da ta zaɓe ta 1965, abin da ya kawo su shi ne shari'o'in da aka yi ta kaiwa kotu, da ƙaurace wa motocin haya na kwana 381 a Montgomery, da tattaki, da shan kulki da cizon karnukan 'yan sanda. A cikin wancan yaƙin dai, gwamnatin Amurka ta kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu haifaffun ƙasar, ta zuba su a sansanoni ba tare da tuhuma ba, kotun ƙoli kuma ta goyi baya a 1944. Sai 1988 aka nemi gafararsu aka amince a biya kowane mai rai dala 20,000. Na baya-bayan nan kuwa mun gani da idonmu. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, cikin kwana 45 aka zartar da dokar da ta faɗaɗa ikon leƙen asirin jama'a, aka buɗe gidan yarin Guantanamo a 2002, aka shiga Iraƙi a 2003 da sunan 'yantar da ita, ba a samu makaman da aka ce tana ɓoyewa ba, abin da duniya ta samu shi ne hotunan gidan yarin Abu Ghraib. Afganistan shekara 20, a watan Agustan 2021 Taliban ta koma kujerarta.

To mu dawo gida, mu tambayi kanmu: ɗan abin da talakan Kano da Jigawa yake taƙama da shi yau, wa ya kawo masa? Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, lokacin da ɗan doka zai shigo gari kowa ya shige ɗaki, lokacin da in ka kasa biyan haraji za a shanya ka a rana a ƙofar dagaci, wani ya gudu ci-rani ba don yana so ba. An samu mulkin kai a 1960 wannan bai gushe ba, domin katanga aka karɓa daga hannun Bature, tsakar gida kuwa tana nan yadda take. Waɗanda suka taɓa tsakar gidan su ne matasa takwas da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, da dubban 'yan sawaba na ƙauye waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu: teloli, 'yan koli, mahauta, malaman allo. An ɗaure su, an yi musu bulala, an ƙwace gonakinsu, an kore su daga garuruwansu don kawai sun ƙi faɗuwa gaban hakimi ko sun yi lacca ba izini. Hajiya Gambo Sawaba, masu tarihinta sun ƙirga ɗauri 16 da ta sha. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, alhali 'yan'uwansu na kudu sun jefa tun kafin mulkin kai. Haraji da jangali kuwa, ƙuri'a ce ta kashe su: a 1979 Abubakar Rimi ya hau gwamnan tsohuwar jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta, ya soke su, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba ranar.

Da yaron ya kawo wannan, Kaka ya yi caraf ya ce, "To wa ya sa hannu a dokar zaɓen matan? Ba soja ba ne?" Gaskiyarsa, gwamnatin Obasanjo ta soja ce. Tsarin mulkin 1999 ɗin ma da dokar soja aka ƙaddamar da shi zamanin Abdulsalami. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa kuwa a 1995 aka kafa ta, zamanin Abacha, shekarar da aka rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa. Ƙasar nan ba ta rabo da abin mamaki. Amma sa hannu daban, yaƙi daban. Abin da aka sa wa hannun, wasu ne suka shekara 20 suna shan ɗauri a kansa. Kuma shi babin haƙƙin ɗan ƙasa ya fara shiga tsarin mulkinmu ne bisa shawarar kwamitin Willink na 1958, wanda aka kafa don ƙananan ƙabilu sun yi ta kukan tsoron danniya. Sojojin da suka yi mulki kuwa, abin da suka fi saurin yi da sun hau shi ne jingine sassan tsarin mulki, kamar yadda doka ta 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, ta 4 kuma ta kai 'yan jarida biyu na Guardian kurkuku.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: lokacin yaƙi shi ne lokacin da haƙƙin ɗan ƙasa ya fi ramewa, ko da yaƙin na gaskiya ne. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 aka kai hare-haren da suka kashe mutum aƙalla 185 a birnin Kano. Duk wanda ya shiga birni a watannin da suka biyo baya ya san yadda aka koma. Ni kaina na sha sauka daga babur tun daga nesa, in tura shi da hannu har in wuce buhunan yashi, ga buhun gero ɗaure a baya, gumi na zuba. Wata rana wani dattijo da ke gabana, kurma-kurma ne bai ji an ce ya tsaya ba, aka sa shi tsallen kwaɗo a gaban jikarsa. Ba wanda ya ce uffan, har da ni. Muna tsoron masu bam, muna tsoron masu tsaron mu daga masu bam, kuma a zuciyarmu muna cewa ai don lafiyarmu ake yi. A 2013 aka hana acaɓa a Kano, dubban samarin ƙauye suka dawo gida hannu rabbana. A Borno da Yobe da Adamawa aka sa dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013, aka yanke layukan waya. A Zamfara a watan Satumbar 2021 aka rufe sadarwa da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Wasu matakan sun yi amfani, wasu sun fi cutar da mai gaskiya fiye da ɗan bindiga, wanda dama ba ya bin doka.

Abin ya wuce wahalar hanya. A watan Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoton cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a wuraren tsare mutane na soja a Arewa maso Gabas tun daga 2011, da yawansu an kwaso su ne a kamen kan mai uwa da wabi. Rundunar soja ta musanta. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disambar 2023, jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, sojan ƙasa suka amsa cewa kuskure ne. Uwar da ta rasa 'ya'yanta a daren nan, in ka ce mata yaƙin kare 'yancinta ake yi, da wane ido za ta kalle ka?

Waɗanda suka rubuta tsarin mulki sun san da wannan haɗari, shi ya sa suka yi wa dokar ta-ɓaci takunkumi. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince, kuma wata shida take yi ta faɗi in ba a sabunta ba. Haka ta Arewa maso Gabas ta ƙare a watan Nuwambar 2014, da majalisa ba ta tsawaita ta ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita taro da zirga-zirga da faɗin ra'ayi saboda tsaro, amma sai da doka, kuma gwargwadon buƙata. Azabtarwa kuwa ba ta cikin abin da ya ba da izini, ko ana yaƙi ko ba a yi. Matsalarmu ita ce shingen da aka kafa don wata shida sai ya shekara goma, ya tashi daga neman bam ya koma neman na goro, ba kuma wanda ya isa ya tambaya don kada a ce ba ya kishin ƙasa.

Wannan kalma ta rashin kishin ƙasa ita ce sandar da ake dukan duk mai tambaya da ita, ko'ina a duniya. Da ita aka doki ɗan damben Amurka Muhammad Ali da ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967, aka ƙwace kambinsa, sai 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. Mu ma mun ga gwajinta kwanan nan. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar shiga Nijar da yaƙi don dawo da dimokuraɗiyya. A takarda magana ce mai daɗi. Amma a Maigatari, inda kasuwar Alhamis ke cika da dabbobin Damagaram, inda mutum zai yi sallar asuba a Najeriya ya je gaisuwar surukai a Nijar ya dawo kafin azahar, ba wanda ya ji daɗinta. An rufe iyaka, an yanke wuta, kasuwa ta mutu, abinci da magani suka yi tsada a ɓangarorin biyu. Malamai suka yi ta huɗuba, wasu suka tafi Yamai sulhu, sanatocin Arewa suka ce ba da su ba, majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Ba a yi yaƙin ba, a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar. Ba ina wanke masu juyin mulki ba ne, har yanzu mutanen Nijar ba su zaɓi mai mulkinsu ba. Abin da nake nunawa shi ne abin da ya tsayar da harbin: mutane ne da suka yi amfani da damar faɗin ra'ayi, wato sashe na 39, damar nan da jika yake ta ambato. Da an rufe musu baki da sunan kishin ƙasa, da yanzu wani labarin ake yi a kan iyaka, kuma 'ya'yan su Kaka ne za a tura.

Don haka ni a ganina, girmama sojan da ya mutu da tuhumar wanda ya tura shi ba kishiyoyi ba ne. Kurtun da ya bar matarsa da goyo ya tafi Sambisa ba shi ya zaɓi yaƙin ba, ba shi ya ci kuɗin makamai ba, shi ma talaka ne da ke buƙatar wanda zai tsaya masa in an danne alawus ɗinsa. In an ce maka wani yaƙi na 'yanci ne, ba laifi ba ne ka tambaya: 'yancin wa, daga hannun wa, wa zai biya da jininsa, kuma abin da aka karɓe mini yau da sunan tsaro, yaushe za a mayar mini?

Bayan an idar da azahar mutane suka watse, aka bar kaka da jika a kan tabarma. Ina naɗe tawa sai na ji tsohon ya rage murya.

"Kai lauyan gobe. Cikin sashe-sashen nan naka, akwai wanda ya yi maganar fansho? Wata na nawa ke nan ina zuwa tantancewa, kullum a ce sunana bai fito ba."

"Akwai, Kaka. Sashe na 173. Ya ce ba a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa, kuma duk shekara biyar a sake duba shi."

"Har da soja?"

"Har da soja."

Tsoho ya yi shiru yana murza cinyarsa. Can ya ce, "To tashi ka ɗauko takarda da biro. Amma ka rubuta da ladabi, kada ka sa mini tsakin nan naka a ciki."